Wane kumbon zan sa a zana a bangon gidan kallona?

Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma kafin Asabar. Ina da ɗan gidan kallo a wani ƙauye kusa da Ringim, daren da babu ƙwallo nakan saka wa samari Star Trek, shirin tafiye-tafiye a sararin samaniya. Na yi wa bangon gaba shafen siminti, faɗinsa ƙafa 12, mai zane zai zo ranar Asabar. ₦25,000 gare ni, ko sisi ba ƙari, don haka kumbo ɗaya za a zana. Yaran nan kumbon Enterprise na Kyaftin Pike suka sani, na shirin Strange New Worlds da aka fara a 2022. Ni kuwa raina yana kan Enterprise mai lamba 1701-D na Kyaftin Picard, na shirin The Next Generation. Cikin biyun nan wanne ya fi?

Ɗan Kazaure: Wa alaikumus salam. Na Kyaftin Kirk na shirin farko na 1966 ko a bar bangon haka. Faifai a gaba, taɓare biyu a baya, NCC-1701. Matt Jefferies da ya tsara kumbon ya gama aiki tun a lokacin, duk abin da ya biyo baya kwalliya ce.

Sabo Tela: D kuma? Haba Malam. Ai wannan ludayi ne mota ta taka. Kai ya rinjayi jiki.

Malamin Firamare: Ɗan Kazaure, a labari ai na Pike da na Kirk jirgi ɗaya ne, lambarsu ma ɗaya, Pike ne ya riga Kirk riƙe shi. Nan gizo ke saƙar. Ƙafafun da ke ɗauke da taɓaren nan a na Pike sun kwanta baya. A na Kirk na 1966, wanda ya kamata ya biyo bayansa, a miƙe suke. A fim ɗin 1979 da aka yi masa garambawul suka sake kwantawa. Wato an kwantar, an miƙar, an sake kwantarwa. Ko maƙerin garinmu ba ya wasa da garma haka.

Baban Walida: Ku bar zancen ƙafafu, ku ji abin da ya same ni kafin wani ya faɗa rijiyar da na faɗa. Bara waccan na sa a zana mini na 1979 a shagon cajina a yankin Dambatta, don a wurina babu kumbon da ya kai shi kyau. Mun yi da mai zanen ₦35,000, na ba shi 20,000 kafin alƙalami. Hoto na tura masa a waya har kala uku. Na tafi Wudil ranar Juma'a sayar da ɗan maraƙi, ban dawo ba sai Lahadi. Da na iso na tarar da jama'a tsaye a bakin shago ana dariya. Faifan ya zama murfin tukunya har da mariƙi a sama. Taɓare ya sa guda uku, wai biyu ba su cika ido ba. Lambar kuwa ya rubuta NCC-1071. Na ce wannan fa? Ya ce Alhaji ai lambar mota ce, wa zai duba. Ni da na zauna ina kallon yadda Kirk ya tarwatsa jirgin nan da hannunsa a fim ɗin 1984 har idona ya kawo ruwa, ni za a ce wa lambar mota!

Ban gama ba. Ashe fentin ruwa ya shafa, kuɗin na mai ya karɓa. Ruwan farko na damina ya wanke rabin kumbon, ya gangaro har dandamali. Na je nemansa aka ce ya tafi kudu. Har yau yara "shagon murfi" suke ce wa wurina, matata ma in ranta ya ɓaci haka take faɗa.

Maman Hanifa: Allah ya mayar da alheri, Baban Walida. Amma 35,000 an cuce ka tun a ciniki. Ƙanena a Gumel 15,000 aka yi masa zanen shago.

Sabo Tela: Hajiya, 15,000 a wace shekara? Galan ɗin fentin mai kaɗai ya cinye wannan.

Na Babura: Ku bar wahala. A buga hoton a kan bana (banner) a Kano, ni 9,000 na biya, hoton ya fito tsaf har tagogin jirgin ana ƙirgawa.

Baban Walida: Ni 22,000 aka ce mini kuɗin banar. Kuma zafin ranar watan Afrilu guda ya ishe ta ta koɗe.

Auta 09: Ku duka tsofaffin yayi kuke so. A zana na fim ɗin 2009, shi ne kumbo. Taɓarensa manya, ga sheƙi.

Ɗan Kazaure: Yaro, in manya na magana ka riƙa saurare. Kumbon da aka nuna ana ƙera shi a ƙasa, a filin Iowa, kamar ana haɗa rumfar kasuwa? Ni a kaset na fara kallon abin nan, a gidan wani kawuna ma'aikacin jirgin ƙasa, kafin a haife ka.

Auta 09: Yi haƙuri Baba, amma kaset ba digiri ba ne. Fim ɗin da kansa ya faɗa cewa zamani ne ya rabu biyu, labarinsa daban da naku. Wa ya taɓa muku naku?

Malamin Firamare: A nan Auta ya fi ka gaskiya, Yaya. Na 2009 ya fito fili ya ce hanyarsa daban. Discovery na 2017 ne ya ce shi a tsohon labarin yake, wajen shekara goma kafin Kirk, sai ga na'urori sun fi na jikokinsu. Su Klingon ma, mayaƙan nan na wata duniya, an aske su ƙwal.

Sabo Tela: Su wa? Mutanen da a 1967 goshinsu sumul, a 1979 suka wayi gari da kunyar gyaɗa a goshi? Sai 2005 aka ce wai cuta ce ta shafe kunyar. Da ciwon nan zai zo gonata da na huta da kaftu.

Na Babura: Ni dai a zana Millennium Falcon kowa ya huta.

Ɗan Kazaure: Wannan na Star Wars ne. Ka shigo gidan suna da kayan biki.

Mai Gidan Kallo: Jama'a na gode, amma Pike ko Picard na tambaya. Gobe Alhamis fa.

Maman Hanifa: Ƙanena, kafin zane, a ina kake samun shirin cikakke? Ɗana ya kai memori wajen mai turi, ₦1,500, aka ce an zuba masa The Next Generation daga 1987 har ƙarshe, zango bakwai. Ya dawo gida, zango na uku babu, na biyar sau biyu, a tsakiya ga fim ɗin Indiya mai fassara.

Baban Walida: Halinsu ɗaya da masu zane. Ni an taɓa tura mini kashi na biyu na labarin da Borg, halittun nan rabi mutum rabi na'ura, suka kama Picard, babu na farko. Ina buɗewa na ga mutum da waya a fuska, ban san hawa ba ban san sauka ba.

Auta 09: Ku sayi data ku sauke da kanku mana.

Sabo Tela: Da wane sabis? Mu sai an hau kan tudun makarantar boko ake samun sanda biyu. Kashi ɗaya na shirin Voyager kwana uku na yi ina saukewa, ya kai 94 cikin ɗari ya yanke.

Na Babura: 1,500 ma an yi miki sauƙi, Hajiya. Mu nan kowane zango 400 ne, kuma in memorin ya ci ƙwayar cuta ba ruwansu. Akwai wanda ya san mai turin da ke jera su daidai tsakanin Babura da Kazaure? Shirin Deep Space Nine nake nema, tun sallar layya.