Wai guba tana zama magani in an dafa ta da madara?

Ɗan Pune: Jama'a jiya wani mai maganin Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, a layin da nake haya nan Pune ya nuna min wata saiwa wai ita vatsanabha, baƙa-baƙa kamar busasshen karas, daga tsaunukan Himalaya ake tono ta. Yace ɗanyarta kaɗan ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato, amma da an yi mata shodhana, wato wankin guba, shikenan ta zama maganin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ni dai wlh na yarda, mutanen nan sun fi shekara dubu suna abin nan

Hajiya Babba: Wanki da me ɗana?

Ɗan Pune: A yayyanka ta a jiƙa cikin fitsarin saniya kwana 3 ana sakewa kullum, sannan a ƙulle a tsumma a rataya cikin tukunyar madara a yi ta tafasawa

Hajiya Babba: Fitsarin saniya?? A'uzubillahi, karatu aka tura ka ko me

Ustaz: Hajiya a wajen Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa bane, Shafi'iyya ne suka ce najasa. Ni abinda ya dame ni kisan da take yi.

Malamin Kemistiri: Ƙanena yana da rabin gaskiya. Gubar cikin saiwar sunanta aconitine, in ta daɗe tana tafasa a ruwa karyewa take ta koma wani abu mai rauni sosai, shi yasa 'yan Sin ma suke dafa irin tasu awa da awanni ba tare da saniya ta shigo zancen ba. Haka idon zakara, wannan jan ƙwayar mai ɗigon baƙi da muke wasa da ita muna yara, Indiyawa gunja suke ce mata har maƙeran zinarensu da ita suke awo, gubarta furotin ce, wuta na lalata ta kamar yadda ƙwai ke daskarewa. Amma raguwa take, wa ya auna abinda ya saura a tukunyar mutumin ka?

Ɗan Pune: Yaya ai akwai littattafai, komai a ƙayyade

Maman 'Yan Biyu: Ku tsaya, dhattura ɗin da ka turo hotonta rannan ba zaƙami bace?

Ɗan Pune: Ita ce Anti. Tana cikin ƙananan guba da suke kira upavisha, tare da tumfafiya, har furenta suke kai wa Shiva a wajen bautarsu

Maman 'Yan Biyu: ƘANANA? Ɗan yayata aka zuba wa a zoɓo wajen biki, kwana biyu yana kama iska da hannu yana tsince abinda babu a jikin bargo, baki ya bushe ƙamas ido ya buɗe warwar ko uwarsa bai gane ba, ka ce min ƙarama

Malamin Kemistiri: Gwamnatin Indiyar ma bata saki jiki ba. A ƙarƙashin dokar magunguna ta 1940 akwai jeri na musamman na masu guba, vatsanabha da dhattura da kuchala, wata ƙwaya mai gubar strychnine, duk suna ciki, dole a rubuta a jikin kwalba sai da kulawar likita. Sannan a wani bincike da aka wallafa a 2004 an gwada magungunan Ayurbeda 70 daga shagunan Boston a Amurka, 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik.

Ɗan Pune: Wannan ai ƙarafa ne, ɓangaren rasa shastra, wato ilimin haɗa magani da ƙarafa, mu muna maganar tsirrai

Malamin Kemistiri: Littattafan rasa shastran ne dai suka kawo wankin saiwar taka, kuma su suka ce ita ma zaiba ana wanke ta. Aconitine zata karye a wuta, zaiba kuwa ko shekara ka yi kana gasa ta zaiba ce.

Ɗan Pune: Toh ni dai na riga na sayo kwalba ɗaya, da niyyar kawo wa Hajiya saboda gwiwarta

Hajiya Babba: Bar shi can wajenka. Man zafina bai ƙare ba.