Hoton VR ɗina yana makara ta Wi-Fi, jiri ya ishe ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka. Na daɗe ina tara kuɗi na sayi Quest 2, tabarau na VR da ake sawa a kai a ga kamar ana cikin wasa, da farko da kebul nake haɗa shi da kwamfuta amma kullum yana nannaɗe min ƙafa har wata rana na kusa jawo kwamfutar ƙasa, shi ne na koma Virtual Desktop, manhajar da ke turo hoton kwamfuta zuwa tabarau ta Wi-Fi. Yanzu in na juya kai hoton sai ya biyo ni daga baya, gefe ya yi baƙi, minti goma jiri ya kama ni. Kuma intanet ɗina mai ƙarfi ne wallahi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Intanet ba ruwansa ɗan'uwa, hoton daga kwamfuta yake zuwa rawta, daga rawta zuwa tabarau, ba ya fita daga gida. Kwamfutar da kebul ta haɗu da rawta? Wi-Fi na 5GHz kake kai ko na 2.4GHz? A 90Hz, wato hoto 90 a sakan, kowane hoto milisakan 11 kawai gare shi, da ya makara kanka zai ji. Buɗe allon awo na Virtual Desktop ka ga inda lokacin ke tafiya, wasan ne, matse hoton ne ko netwok.

Mai tambaya: Kwamfutar ma Wi-Fi ce, rawtar tana falo, bango biyu ne kawai tsakaninmu.

Injiniya: To ga cutar nan. Hoton yana ratsa iska sau biyu. Ja kebul daga kwamfuta zuwa rawta, rawta ta dawo ɗakin, sa faɗin tashar Wi-Fi a 80MHz, kada wayar kowa ta hau.

Wani memba: Ni duk na yi wannan, har sabuwar rawta mai saida kaya ya sa na saya, maƙwabta suka cika tashoshin, dare na yi sai katsewa. Har yau haushin mutumin nake ji.

Wata memba: Ka rage bitiret tukuna, wato yawan bayanan hoton da ake turawa a sakan, in ya yi yawa tabarau na daɗewa wajen warware hoton. Ko ka nemi Wi-Fi 6E mai amfani da 6GHz.

Injiniya: Hajiya Quest 2 ba ya kama 6GHz, sai irin su Quest 3. Kebul ne maganin.

Mai tambaya: Malam ai kebul na gudu tun farko, kuma mutanen gida ba za su yarda a ɗauke rawta daga falo ba. Bidiyo ba ya tsayawa a wayata ko a ɗakin, anya ba katin hoton kwamfutar ba ne?