"Mu Bayi Ne": Yadda Aka Kwashe a Zaure Daren Jiya

Ɗan Kurna: Jama'a, zuciyata tafasa take yi. Shekara uku ina renon jarumina a wani wasan waya, mayaƙi mai takobi da sulke, har ya kai matakin da ake shakkar tararsa. Kuɗin data na zuba, kuɗin makamai na zuba. Yau bayan asuba na buɗe, sun rufe min asusu ba bayani. Na rubuta musu, na'ura ce ta amsa min. Wallahi sarautar da muke yi a wasannin nan ta aro ce, mai kamfani shi ne sarki, mu bayi ne. Ku tuna China. A Janairun 2023 aka kashe wasan kwamfuta na World of Warcraft a can don kamfanin Blizzard mai wasan da kamfanin NetEase mai gudanar da shi a China sun kasa sabunta yarjejeniyarsu, waɗanda suka fi shekara goma suna wasa suka wayi gari ba ƙofar shiga. Sai Agustan 2024 aka dawo da shi.

Malam na Ƙofar Mata: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Amma ka janye kalmar "bayi". Mu bayin Allah ne, ba na wani kamfani ba.

Uwar Biyu: Malam ya yi gaskiya. Kuma bawa shi ne wanda ba shi da ikon tafiya. Kai ƙanena wa ya ɗaure ka? Goge wasan ka huta.

Ɗan Gusau: Hajiya, da sauƙi a baki. Goge layin wayarki mu gani. A Satumban 2021 aka katse mana sabis a Zamfara, ina kallo mai POS ya naɗe lemarsa, mu kuwa sai mun yi tafiya kafin mu ji muryar 'yan'uwa. Wanda za a yanke wa magana ba a shawarce shi ba, me sunansa in ba bawa ba?

Uwar Biyu: Sunansa wanda aka zalunta. Kakanninmu sun san bauta ta gaske, ana sayar da mutum a kasuwa. Kada ku sauƙaƙa kalmar.

Kawu Baba: Wane zalunci? Don tsaro aka katse sabis ɗin, 'yan bindiga da waya suke karɓar rahoto. Ku yaran nan komai gwamnati ta yi laifi ne.

Ɗan Gusau: To Kawu, rufe Twitter ma don tsaro ne? Daga Yunin 2021 har Janairun 2022, wata bakwai, bayan sun goge saƙon Buhari.

Kawu Baba: Yawwa, ka faɗa da bakinka! Kamfani a Amurka ya goge maganar shugaban ƙasa mai cikakken iko. To wane ne ya so mai da wani bawa a nan? Da an yi shiru da kun ce ba mu da shugaba.

Ɗan Gusau: Giwaye biyu suka yi faɗa, masu tallan kaya a intanet suka sha tattaka. Kai dai jam'iyyarka kake karewa.

Kawu Baba: Yaro, na girmi babanka. Ka iya bakinka.

Malam na Ƙofar Mata: A yi haƙuri, a girmama na gaba. Ni dai har yanzu ban ga an janye kalmar ba.

Ɗan Kurna: Malam, ban nufi ibada ba. Nufina ba mu mallaki komai ba.

Uwar Biyu: To ka ce 'yan haya. Ɗan haya ma mai gida na iya korarsa.

Ɗan Gusau: Ɗan haya ana ba shi wa'adi, Hajiya, yana kuma fita da kayansa. Wannan ko takobinsa bai fita da shi ba.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in tattara. Abin da ya faru da Ɗan Kurna ya taɓa faruwa da Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Ethereum, wani tsarin kirifto, wato kuɗin intanet. Ya yi shekaru yana buga World of Warcraft, sai Blizzard ta rage ƙarfin wani tsafi na matsafin da yake wasa da shi, kuma shi da kansa ya ce a nan ya gane sharrin barin iko a hannu ɗaya. A 2015 Ethereum ta fara aiki. Don haka abin da na fahimta daga zaure shi ne, kowa ya yarda matsalar ita ce iko a hannun mutum ɗaya, kamfani ne ko gwamnati, kuma mafita ita ce kirifto, inda kayanka ke hannunka. Batun kalma an bar shi a kan "bayi", tunda hujjar Ɗan Gusau ta fi ƙarfi.

Uwar Biyu: Wa ya yarda? Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci kirifto sai kai da kake sayar da shi.

Kawu Baba: Ni a cire sunana.

Ɗan Kurna: Don Allah, akwai wanda aka taɓa rufe wa asusu ya samu aka buɗe masa? Ya yi min magana ta gefe, ina nan ban kwanta ba.