Na sa sabon shokozoba a Hilux, ƙafar gaba ta koma kuka kamar tsohon gadon ƙarfe

Baban Khalifa, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hilux gare ni ƙirar 2012, da ita nake shiga gona in fito da buhuna. Shokozoban gaba na asali sun gaji, har mota ta fara sunkuyar da kai, sai na yi ta maza na sayi irin waɗanda ake ce wa koyiloba, wato shokozoba da sifirin ɗinsa a haɗe, mai zare a jiki da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Aka ɗaga min gaban kamar inci 2. Kwana uku na farko sai hamdala. Ran na huɗu na hau tudun rage gudu a hankali, sai na ji "ƙiiiƙ", da na sauka ta sake. Yanzu ko mutum ne ya shiga ya zauna sai ta amsa masa. In ina gudu a kan kwalta kuwa, shiru. Wanda ya ɗaura ya ce sabon kaya ne, zai zauna da kansa. Mai shago ya ce laifin ɗauri ne. Ni ga ni tsakiya, kuɗi sun tafi. Wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan don Allah ya taimaka.

Oga Mai Aikin Ƙafa, Kano

Wa alaikumus salam. Alhaji, tambaya ɗaya kafin komai: lokacin da ya ɗaure kusar gindin shokozoban, motar tana kan jak tayoyi na lilo, ko tana tsaye da ƙafarta?

Dalilin tambayar shi ne, bushin roba, wato robar da kusar ke ratsawa a gindin shokozoban, ba juyawa yake yi a kan kusa ba kamar yadda mutane ke zato. Robar manne take da bututun ƙarfen da ke cikinta, in mota ta yi sama da ƙasa murɗewa take yi ta dawo, kamar wanki in ana matse shi. To in ka ɗaure tamau mota tana rataye, da ka sauke ta robar ta riga ta murɗe tun ba a je ko'ina ba. Kowane rami ƙarin murɗa ne a kan wadda ke akwai. Da kuka take farawa, ƙarshenta ta yage. Ni kaina ina yaron shago na yi wannan kuskuren a motar wani dattijo, maigidana bai ce min uffan ba, sai ya sa ni na kwance na sake a gaban mai motar. Har gobe ban manta kunyar ba.

Gyaran ba ya cin kaya. A hau da ita kan rami, a sassauta kusar gindin, mutum biyu su danna gaban su saki sau da yawa, a tura ta gaba kaɗan a dawo, sannan a ɗaure tana tsaye. Tunda an ɗaga ta inci 2, bushin lowa am ma, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe taya, yanzu ba a inda suka saba zama suke ba, su ma a sassauta a sake ɗaure su. Amma kusoshin nan su ne na saitin taya, a yi musu alama da fenti kafin a taɓa, daga nan a wuce wajen masu alaimen, wato saitin taya, kai tsaye.

Baban Khalifa, Gusau

Oga, a kan jak aka gama komai, ina zaune ina kallo. Alaimen ma ba a yi ba.

Ɗan Gaye

Ku daina wahalar da bawan Allah. A samu baƙin mai a sirinji a bi duk gaɓoɓin a tsiyaya, an gama.

Direban Agadas

Ɗan Gaye, wannan shawarar taka ni na bi ta, kuma na biya kuɗinta. Mu nan amortisar muke ce wa shokozoba. Nawa gindinsa ba roba ba ce, ƙwallon ƙarfe ne da ke juyawa cikin kwasfa mai shimfiɗar Teflon, wani abu mai santsi da ke rage guga. Yawancin masu tsadar haka suke zuwa, ka leƙa naka ka gani, Malam. Bai yi wata ba ya fara ƙara, na zuba masa mai, ya yi shiru kwana biyu. Sai rairayi ya samu wurin zama, ya haɗu da man ya zama kamar sanfefa, ya cinye shimfiɗar. Kukan ya tashi daga "ƙiƙi" ya koma "ƙwas-ƙwas", alamar ƙwallon ya yi sako-sako ke nan, dole na sauya shi. Yanzu in na dawo daga hanya ruwa kawai nake fesa masa in fitar da ƙurar, ya bushe, in bi shi da feshin Teflon irin wanda ke bushewa ba ya barin maiƙo. Ku da ke kudu da mu, in hunturu ya kama, ƙurarku ma ta isa ta yi wannan ɓarnar.

Oga Mai Aikin Ƙafa, Kano

Gaskiyarka direba. Kuma in roba ce, baƙin mai kumbura ta yake yi ta yi laushi ta ruɓe. Bushin nan masu tauri, ja ko ruwan ɗorawa, da ake kira foliyuretan, su kam suna son giris, don su juyawa suke yi da gaske, in sun bushe kukansu ya fi na kowa. Amma giris na silikon ake sa musu, kuma sai an zare an shafa a ciki. Shafen waje ado ne.

Maman Ilham, Zariya

Ni ba makaniki ba ce, amma ni ke biyan kuɗin gyaran motar gidan gonarmu, don haka kunnena ya buɗe. Mun yi irin wannan bara. Direbanmu ya rantse daga gaba ne, ni ma da nake zaune gefensa haka na ji. Sau biyu ana kwance sabon shokozoban ana mayarwa. Ashe sifirin baya ne, mai faifai. Ƙananan robobin da ke tsakanin faifan sun cinye, ƙarfe na gugar ƙarfe, ƙarar na bin casis tana fitowa ta ƙarƙashin ƙafarka. Wataƙila ma ta daɗe tana yi, kwaramniyar tsohon shokozoba ce ta rufe ta. Wani yaro a garejin ne ya gano, da gorar ruwa mai feshi. Yayansa na jijjiga motar, shi yana fesa wa wuri ɗaya, su saurara, ya matsa gaba. Yana kaiwa kan faifan hagu kuka ya ɗauke ɗif, da ruwan ya bushe ya dawo. Na ba shi na goro, ya fi ƙarfin abin da na ba shi.

Mai Tacoma, Jos

Hajiya ta faɗi abin da ya fi komai: wuri ɗaya a lokaci ɗaya. In ka fesa ko'ina ta yi shiru, ba ka san wanda ya yi shirun ba.

Tawa Tacoma ce 2014 da aka shigo da ita daga Amurka, ƙafar gabanta kusan tsari ɗaya da ta Hilux ɗinka. Koyiloban da na sa ya fi na asali kauri, sai sandar sitabilaiza, wadda ke hana mota kwanciya a kwana, ta koma tana shafar sifirin in taya ɗaya ta faɗa rami. Na gane ne da na haska tocila na ga fentin sifirin ya goge a wuri guda, yana ƙyalli kamar sabon kwabo. Ka nemi irin wannan tabon, ko jar ƙurar tsatsa a bakin gaɓa, ƙarfe ba ya ɓoye inda ake gugarsa. Na kwance linkej ɗin sitabilaiza, wato 'yan ƙarafan da ke haɗa ta da ƙafar mota, na ɗaure sandar gefe da waya, na zaga unguwa a hankali, ƙara ta ɓace. Gwaji ne kawai, kada a hau babban titi a haka, motar kwanciya take yi a kwana. Maganin shi ne wasu ƙananan faranti da ke matsar da sandar gaba kaɗan. Ka kuma duba ofa am, wato hannun ƙarfe na sama da ke riƙe taya, in an ɗaga mota da yawa yakan taɓa sifirin idan taya ta sauka iyakarta. Sannan ka ga ko wutsiyar sifirin ta zauna daidai cikin gurbinta, da ko an mayar da robar da ke samansa.

Tsohon Soja

Yara, duk na ji. Abu ɗaya na ga ba wanda ya ambata. Ka tsayar da mota ka juya sitiyari dama da hagu. In kukan ya biyo sitiyarin, ka bar zancen shokozoba ka duba boljoyin, wato gaɓar nan mai ƙwallo da taya ke juyawa a kanta. Ɗaga mota na canza masa kwana, in rigarsa ta roba ta yage giris ya zube, da irin wannan kukan yake sallama. Na ga motar da na ƙasanta ya tsinke a hanya, taya ta kwanta cikin bodi. Allah ya kiyaye, ba gudu ake ba. Kuma kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ya riƙe ta ana jijjigawa. Notin tsakiya na saman shokozoba ma kada ka bari a kwance shi ba tare da abin matse sifirin ba.

Baban Khalifa, Gusau

Baba, Allah ya ƙara girma, na gwada sitiyarin, shiru, rigunan ma lafiya. Jiya na kai ta wani gareji mai rami. Gindin nawa roba ce ba ƙwallo ba. Da aka sassauta kusar dama sai da muka ji ta yi "ɗas" ta saki, mai garejin ya kalle ni ya yi dariya. Aka yi yadda Oga ya ce, aka yi alaimen. Kukan dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu ya ragu amma bai mutu ba, sai muka ɗauko gorar Hajiya: bushin sitabilaiza ne, wanda ke riƙe sandar a jikin casis, ya bushe ya tsattsage. Na sa sabo na roba. Yau na shiga gona da buhun taki goma, na fito ban ji komai ba daga gaba. Daga bayan motar dai akwai wata 'yar ƙara da ban taɓa lura da ita ba.

Maman Ilham, Zariya

Ai na faɗa maka. Kada ka yar da gorar.