Abin da na tsinta daga muhawararmu kan tantance kwasa-kwasan jami'a

Assalamu alaikum. Maganar ta yi tsawo tun daren Asabar, don haka na tattaro ta saboda iyayen da ba su samu bi ba.

1. Kusan kowa ya yarda: lasisin jami'a daban, tantance kwas daban. Hukumar NUC, mai kula da jami'o'in Najeriya, ita ce ke yin duka biyun, amma kwas-kwas take bi. Sunan makaranta kaɗai bai isa ba, ko UMYU ce (Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina), ko Alƙalam, ko ta Dutsin-Ma, sai a tambayi matsayin kwas ɗin da yaro zai karanta.

2. Sakamako uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ta wucin gadi shekara 2, ko a hana, a dakatar da ɗaukar sabbin ɗalibai.

3. Likitanci sai da amincewar MDCN, hukumar kula da aikin likitoci, injiniyanci sai da ta COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi. Foliteknik kuwa, irin ta Daura, NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ke duba ta.

4. A nan aka rabu, kan ko tantancewar na da amfani. Wani malami ya ce ya ga makarantar da ta yi aron littattafai da malamai ana gobe masu tantancewa za su zo, har da fenti bai bushe ba. Wasu suka ce duk da haka, ba don tsoron zuwan nasu ba, ko fankar ɗakin gwaji ba za a gyara ba. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

5. Masu tura 'ya'ya Kwatano, a tuna a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo.