Ranar da aka kashe analog a inda kuke, yaya ta kaya?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa lokacin da ƙasar da yake zaune ta bar analog, tsohon tsarin watsa talabijin, ta koma sabon tsarin dijital. A 2006 ne ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Geneva ƙarƙashin ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin analog. Dalilin a fili yake: zangon watsa sigina da tasha ɗaya ke cinyewa a analog yana ɗaukar tashoshi da yawa a dijital, ragowar kuma a sayar wa kamfanonin waya. Abin da nake nema shi ne yadda abin ya iske mutane a cikin gidajensu.

Direba a Amurka:
Wa alaikumus salam. Mu nan an fara sa 17 ga Fabrairu 2009, sai aka ɗaga zuwa 12 ga Yuni saboda jama'a ba su shirya ba. Gwamnati ta raba takardun rangwame na dala 40, har biyu ga kowane gida, don sayen dikoda, na'urar da ke sa tsohon talabijin ya kama dijital. Sai dai takardar kwana 90 ne rayuwarta. Maƙwabcina dattijo ya karɓi tasa ya adana cikin littafi kamar takardar fili, ranar da ya fito da ita ta riga ta mutu. Ni na kai shi ya saya da kuɗinsa, na haɗa masa. Masu kebul ko a jikinsu. Masu eriya ne suka sha wuya, su ne kuma masu ƙaramin ƙarfi.

Mai kula da tsofaffi a Ingila:
Malam, abin da ka faɗa shi ne aka yi ƙoƙarin kauce wa a nan. Yanki-yanki aka bi har zuwa Oktoba 2012, kuma a kowane yanki sai a fara kashe tashar BBC Two ita kaɗai, bayan 'yan makonni a kashe sauran. Wanda bai shirya ba ya ga tasha ɗaya ta ɓace, ya farga tun da sauran lokaci. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai. Akwai kuma shirin taimako ga 'yan shekara 75 zuwa sama da naƙasassu, ana zuwa har gida a haɗa musu. Duk da haka wata tsohuwa da nake dubawa ta zauna ba kallo, ba don dikoda ta lalace ba, rimot ne ya zama biyu ta rasa na kunnawa. Na ɗaura wa ɗaya jan zare, na rubuta mata lambobin tashoshinta da manyan baƙaƙe na manna a gefen akwatin. Daga nan ba ta sake kira ba.

Mai gyaran talabijin a Najeriya:
Hajiya, Allah ya saka. Mu nan wa'adin 2015 ya wuce mu, an fara gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a Disamba, sauran jihohi kuma ana ta bi a hankali. Bari in faɗi abin da ke kawo min mutane kullum.

A analog, in sigina ta yi rauni hoto yana dishi-dishi amma ana kallo, ana jin labarai. Dijital ba ta san wannan ba. Ko hoto ya fito tas, ko ya farfashe murabba'i-murabba'i, murya ta riƙa sarƙewa, sai allo ya yi baƙi. Mutum ya ɗauko dikoda a fusace wai an sayar masa da jabu. In jona ta a wurina ta kawo garau. In bi shi gida in tarar da eriya a ɗaure jikin taga, wayarta ta sha rana ta tsattsage, an yi mata ɗori da leda har wuri uku, ruwa ya shiga kan ya yi tsatsa. Shekara da shekaru analog tana rufa wa wannan waya asiri. Canza waya, ɗaga eriya sama, juya ta ta fuskanci inda ake watso shirin, shi ke nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne talabijin na hannu da ake shigowa da su. An rubuta dijital a jiki, mai saye ya ɗauka ya huta da dikoda. Alhali tsarin dijital iri-iri ne: mu wanda ake kira DVB-T2 muke amfani da shi, tsofaffin na Turai da yawa wanda ya gabace shi, DVB-T, kawai suka sani, na Amurka kuwa ATSC ne, ba ya kama namu sam. A ganina nan ne aikin masu sa ido ya fi muhimmanci: a tilasta rubuta wa mai saye ƙarara abin da akwatin zai kama, tun kafin ya biya.

Ɗalibi a Nairobi:
Baba mai gyara, mu namu ba eriya ba ce, shari'a ce. Tsarin dijital ya raba mai shirya shirye-shirye da mai watsa sigina, manyan tashoshi masu zaman kansu kuma suka ce ba su yarda su miƙa wa wani shirinsu ya watsa ba. Aka je har Kotun Ƙoli. A Fabrairun 2015 suka ɓace daga allo kusan mako uku. A ɗakin kwananmu dikodarmu lafiya lau, amma rediyo muka koma don jin labarai.

Mai buɗe zance:
Baba mai gyara, tashoshi biyu sun ɓace min a makon nan, sauran suna nan. Dikodar ce?

Mai gyaran talabijin a Najeriya:
Da wuya, ɗana. Galibi an matsar da su wani zango ne. Shiga saiti ka sa ta sake neman tashoshi da kanta, kada ka taɓa eriya sai ta gama. In ba su dawo ba, duba kan wayar da ke shiga bayan dikodar, ka faɗa min ko ya yi tsatsa.