"Ba a fafe gora ranar tafiya": ta dace da kuɗin hana gubar dalma?

Mai Nazari: Jama'a, ina so in yi rubutu kan kasafin da gwamnati ke warewa don kare yara daga gubar dalma. Na rasa karin maganar da zan ɗauka, "ba a fafe gora ranar tafiya" ko "rigakafi ya fi magani". Ku ba ni shawara.

Dattijo: Ɗana, ɗauki ta goran. Wanda ya taɓa fafe gora ya san ba yanke baki kawai ba ne. Sai ka kwashe 'ya'yan, ka ƙanƙare cikin, ka jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita. Maganar tana nufin aikin da ba ya yiwuwa da gaggawa.

Uwar Biyu: Baba, a gafarce ni, ni ta rigakafin nake gani. Kowa ya san ta.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, matsalar ke nan. Da ka ce rigakafi, allura mutane ke ji, ita kuwa dalma ba ta da allura. Rigakafinta shi ne a kankare ƙasar da ta gurɓata a zuba sabuwa, a daina niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, a riƙa gwada jinin yara. Duk kuɗi ne, kuma kafin a ga mara lafiya ake kashe su.

Dattijo: Madalla. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara ba yaran Bagega, wani ƙauye a jihar, magani ba sai an share garin, don in an cire gubar yaro ya koma cikin ƙurar, aikin banza ne. Kuɗin sharar bai fito ba sai farkon 2013.

Uwar Biyu: To ai wannan ya wuce ranar tafiya, Baba. Ihu bayan hari ne. Abin ya sa ni ƙwalla.

Ma'aikaciyar Jinya: Kuma shi maganin, rage gubar yake yi a jini, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. A 2015 aka sake gani a Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Mai Nazari: Na gode. Gora zai zama take, ihun kuma zan ajiye shi wurin Bagega. Uwar Biyu, kin yarda?

Uwar Biyu: Na yarda, amma ka fassara "fafe" a rubutun. 'Ya'yana ba su taɓa ganin ana yi ba.